Suna Linzami Ne: Basir, Daji da Wuƙar Likita

Ni ba likita ba ne. Duk da cewa a jami'a ana kirana Dakta, digirina na nazarin harshe ne, kuma ban taɓa riƙe wuƙar fiɗa ba. Saboda haka mai karatu yana da damar ya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Me ya kai malamin harshe tsoma baki cikin maganar tiyatar hanta? Abin da ya kai ni shi ne wata kalma guda da ta fita daga bakina a shekarar 2019, wadda har yau idan na tuna ta sai barci ya ƙaurace mini.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon hedimasta ne, mutum mai tsafta da kamun kai. Ya yi kusan shekara biyu yana ganin jini a bayan gidansa, yana kiran abin basir, mu ma muna taya shi kiransa basir. Babu irin jiƙon da bai sha ba, tun daga na masu lasifika a tasha har zuwa na kwalba mai tambari. Sai da ya rame, wandonsa ya daina zama a ƙugu, sannan aka kai shi wani babban asibiti, aka leƙa hanjinsa da na'ura mai kyamara, aka tarar da sankara a babban hanji. Aka yi masa aiki, aka yanke wurin, ya murmure har ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Bayan shekara guda aka sake ɗaukar hoton cikinsa, sai aka ga wasu ƙulle-ƙulle guda biyu a hanta. Likitan da ke bakin aiki ranar, matashi ne da layin marasa lafiya ya yi masa yawa, ya yi bayani da Turanci cikin minti biyu, ni kuma a matsayina na ɗan boko na zama tafinta. Na juya na ce, "Kawu, likita ya ce abin ya bazu zuwa hanta." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To ai shi ke nan, ɗana. Ku mai da ni gida." Muka mai da shi gida. Bayan wata goma sha huɗu Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Da daɗewa bayan rasuwarsa, ina gyaran takardu, na ci karo da hotunan nan, na nuna wa wani abokin karatuna na sakandare wanda yanzu likitan fiɗa ne. Ya ɗaga su a hasken taga, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, ƙari biyu ne, kuma a gefe guda suke. Ba zan ce maka da ya rayu ba, wannan sanin Allah ne. Amma irin wannan zama ake yi a kansa, ba gida ake mai da shi ba." Tun daga ranar na shiga karanta abin da masana suka rubuta a kan wannan cuta, kuma abin da na fahimta shi ne nake son in isar ga mai karatu: sankarar hanji da ta isa hanta ba lallai ba ne ta zama hukuncin kisa, akwai waɗanda tiyata ke warkar da su sarai, kuma a ƙasar Hausa sunayen da muke kiran cutar da su suna cikin manyan abubuwan da ke tare hanya tsakanin majiyyaci da wannan tiyata.

Bari mu fara da yadda abin yake a jikin mutum. Jinin da ya ratsa hanji ya kwaso abinci ba ya komawa zuciya kai tsaye. Akwai wata babbar jijiya da ke tattara shi ta kai shi hanta tukuna domin a tace, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta ta wannan jijiya yake bi. Saboda haka idan ƙwayoyin sankara suka ɓalle daga hanji suka shiga jini, hanta ce zangon farko da suke yada zango. Wannan ne ya sa aƙalla mutum ɗaya cikin huɗu na masu sankarar babban hanji kan samu ƙari a hanta, wasu tun ranar da aka gano cutar, wasu kuma bayan watanni ko shekaru. Cutar kuwa ba ƙarama ba ce, domin alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna an samu sababbin masu ita fiye da miliyan 1.9 a duniya, ta kuma kashe fiye da mutum 900,000. Ita ce ta uku a yawa cikin nau'o'in sankara, ta biyu a kisa. Ita ce ta yi ajalin shahararren ɗan ƙwallon nan Pele a ƙarshen 2022.

To amma hanta tana da wata baiwa da sauran kayan ciki ba su da irinta, wato tana tofowa. Idan lafiyayya ce, ana iya yanke har kusan kashi 70 cikin ɗari nata, ragowar ta girma ta cike gurbin cikin 'yan makonni zuwa watanni. Likitoci sun daɗe suna neman hanyar cin moriyar wannan baiwa, abin da ya dinga kawo musu cikas shi ne zubar jini. Wani likitan Jamus, Carl Langenbuch, ya ba da rahoton yanke wani ɓangaren hanta cikin nasara a 1888. A 1908 wani likita a Gilasgo, Hogarth Pringle, ya bayyana dabarar matse jijiyoyin da ke shiga hanta na ɗan lokaci domin tsai da jini, dabarar da har gobe ake amfani da ita. A 1952 Lortat-Jacob ya cire ɓangaren dama na hanta gaba ɗaya a birnin Faris bisa tsari. Sannan a 1957 wani Bafaranshe, Claude Couinaud, ya fitar da littafin da ya nuna cewa hanta kamar gida ce mai sassa takwas, kowane sashe da jijiyoyinsa na shiga da fita, ta yadda za a iya rushe sashe ɗaya ko biyu ba tare da gidan ya faɗi ba. A kan wannan taswira duk likitan hanta na yau yake aiki.

Mai karatu zai ce, to mun ji ana yankewa, amma ana rayuwa kuwa? A 1999 likitocin asibitin sankara na Memorial Sloan Kettering da ke birnin Niyok a Amurka, ƙarƙashin Yuman Fong, sun wallafa sakamakon majiyyata 1,001 da aka yanke musu irin wannan ƙari daga hanta. Kashi 37 cikin ɗari sun kai shekara biyar a raye, kashi 22 sun kai shekara goma, waɗanda suka rasu a dalilin aikin kansa kuwa ba su kai kashi 3 ba. A 2007 wannan asibiti ya sake bin diddigin majiyyatansa, ya tabbatar da cewa aƙalla mutum ɗaya cikin shida ya warke ƙalau. A yau, da ingancin magunguna da na'urorin hoto ya ƙaru, manyan cibiyoyi na ba da rahoton cewa kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, wani lokaci ma fiye, na cika shekara biyar bayan aikin. A kwatanta wannan da wanda aka bari babu wani magani, wanda da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu.

Daɗin daɗawa, ko wanda aka ce ƙarinsa ya yi girma ko ya yi yawa, ƙofa ba ta rufe masa gaba ɗaya ba. A 2004 René Adam da abokan aikinsa na asibitin Paul Brousse da ke kusa da Faris sun ba da rahoton majiyyata 1,104 da tun farko aka ce ba za su yanku ba. Bayan an ba su maganin kashe ƙwayoyin sankara, wanda ake kira kemo, ƙarin mutum 138 daga cikinsu ya motse har aka samu damar yi musu aiki, kuma kashi ɗaya cikin uku na waɗannan ya kai shekara biyar. Idan ana tsoron ragowar hantar za ta yi kaɗan, akwai dabarar toshe jijiyar ɓangaren da ke da cutar, sai ɗaya ɓangaren ya ƙara girma kafin ranar aiki. Akwai yin aikin a zango biyu. Akwai ƙona ƙananan ƙari da wata allura mai zafi, kuma wani bincike da likitocin Holan suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2025, ya nuna cewa ga ƙarin da bai wuce santimita 3 ba ƙunar tana yin abin da wuƙa ke yi, da ƙarancin wahala. Har dashen hanta an gwada ga wasu zaɓaɓɓun majiyyata, inda binciken da aka gudanar a Faransa da Beljiyam da Italiya, aka wallafa a 2024, ya samu kashi 57 cikin ɗari a raye bayan shekara biyar, alhali waɗanda aka ba kemo kaɗai kashi 13 ne. Wannan na ƙarshe ya yi mana nisa, na kawo shi ne kawai don a ga inda duniya ta kai yayin da mu muke cewa a mai da mutum gida.

Yanzu sai mu dawo fagen da nake da ta cewa, wato harshe. Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma a tafiyar Kawu linzami uku ne suka ja mu zuwa inda muka faɗa.

Na farko shi ne basir. Kalmar aro ce daga Larabci, kuma a asalinta tana nufin kumburin jijiyoyin bakin dubura. Amma da ta shigo Hausa sai ma'anarta ta yi ta faɗi har ta zama buhu, kowa na zuba abin da ya ga dama a ciki. Jini a bayan gida basir ne, kumburin ciki basir ne, taurin bayan gida basir ne, ciwon baya da kasala da raunin mazakuta duk basir ne, har an raba shi gida-gida, mai tsiro da mai jini da na ciki. A nazarin ma'ana, idan kalma ta yi irin wannan faɗi takan daina rarrabewa, kuma kalmar da ba ta rarrabewa ba ta gargaɗi. Mutumin da ya ce yana da basir ya riga ya ba kansa amsa, don haka ba ya neman tambaya. Ga shi kuwa alamomin sankarar hanji, wato jini a bayan gida, da canjin yanayin fita bayan gida na tsawon makonni, da jin kamar ba a gama ba, da rama ba dalili, da ƙarancin jini, duk suna cikin wannan buhu. Likitocin Nijeriya, ciki har da ayarin masu bincike na ARGO da aka kafa a 2013 tsakanin asibitin koyarwa na Ile-Ife da takwarorinsu na Amurka, sun sha nuna cewa akasarin masu wannan cuta a ƙasar nan ba sa isa asibiti sai ta yi nisa, kuma da yawansu ba su kai shekarun da ake ganin ta a Turai ba.

Na biyu shi ne daji. Muna da sunaye uku ga cuta guda: ciwon daji, da sankara, da kansa. Kalmar daji tana ɗauke da kayan da ba nata ba, domin a tunanin Bahaushe daji shi ne kishiyar gari, mazaunin namun dawa da iskoki, wurin da ikon sarki ba ya kaiwa. Cutar da aka laƙaba wa wannan suna ta riga ta fita daga hurumin asibiti tun a baki. Daga nan ne camfin nan ya samu gindin zama, cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Na san inda camfin ya samo ƙarfi. Mutane sun ga an kai majiyyaci a makare, an buɗe shi, ya rasu bayan wata biyu, sai suka ɗora laifin a kan wuƙa, suka manta da shekara biyun da aka ɓata ana shan jiƙo. Gaskiyar magana ita ce, a sankarar hanji, da wadda ta tsaya a hanjin da wadda ta isa hanta, cire ƙarin shi ne babbar hanyar da aka sani ta warkewa.

Na uku shi ne wanda ya fito daga bakina, wato "ya bazu". Kalmar Turancin da likita ya yi amfani da ita tana nufin cutar ta tashi daga wuri ta sauka a wani wuri, ko da ɗigo ɗaya ne. Amma bazuwa a Hausa aikin gobara ne da annoba da jita-jita, abin da ya bazu ya wuce a tattara shi. Ƙari biyu a gefe guda na hanta ba su bazu ba, ƙaura suka yi. Da na ce, "Kawu, ciwon ya yi reshe biyu a hanta, bari mu tambaya ko suna yankuwa," da wata hirar aka yi daban. Magana zarar bunu ce. Ni da nake koya wa ɗalibai cewa fassara amana ce, ni ne na fassara kalma da kalma na bar ma'ana a baya.

Akwai kuma wani ruɗani da ke tattare da kalmar hanta ita kanta. Da an ce ciwon hanta, hankalin mutanenmu kan tafi ga cutar nan da ƙwayar hepatitis B ke haddasawa, wadda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Nijeriya na ɗauke da ita. Kusan kowane gida ya taɓa ganin wanda cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, ya tafi cikin 'yan watanni. Wannan sankarar hanta ce 'yar gida, wadda kan tsiro a hantar da ta riga ta ƙeƙashe, shi ya sa yanka ta ke da wuya. Wadda ta taso daga hanji kuwa baƙuwa ce, sau da yawa takan sauka a hanta mai lafiya, wadda za ta jure yanka ta kuma tofo. Cuta biyu ne mabambanta, da magani daban da makoma daban, amma a bakinmu sunansu ɗaya.

Na san akwai masu cewa irin wannan rubutu sayar da fata ne ga talaka, kuma ƙorafinsu abin dubawa ne. Ba kowa ne aikin ke yi wa amfani ba. A lokacin da aka gano ƙarin, kusan mutum ɗaya ko biyu ne kawai cikin goma ake iya yi wa aiki kai tsaye. Wanda cutar ta mamaye masa hanta ko'ina, ko ta kama wasu sassan jiki da yawa, ko jikinsa ya yi raunin da ba zai ɗauki aikin awa huɗu ko biyar ba, tausaya masa shi ne a rage masa raɗaɗi a bar shi cikin iyalinsa. Ko waɗanda aka yi wa aikin, fiye da rabinsu cutar kan dawo musu, kodayake wasu ana sake yankewa. Sannan ga kuɗi: hoton CT da na MRI, da kemo zagaye-zagaye, da jini, da ɗakin kulawa ta musamman, a ƙasar da mafi yawan mutane daga aljihunsu suke biyan kuɗin asibiti. Duk wannan gaskiya ne. Amma ko mutum ɗaya ne cikin goma, wannan ɗayan uban wasu ne, kuma yana da haƙƙin a gaya masa cewa akwai hanya, shi ya zaɓa da kansa. Mun sha ganin dangi sun sayar da gona domin shari'a ko biki. Kawu yana da fili a bayan gari, kuma babu wanda ya ba shi damar ya ce a sayar ko kada a sayar, domin ni na rufe maganar da kalma guda.

Saboda haka ina da kira ga ɓangarori huɗu. Ga likitocinmu, ina roƙon kada wani ya yanke hukuncin cewa ƙarin hanta ba ya yankuwa sai likitan da aikinsa ke nan ya ga hoton. A ƙasashen da suka ci gaba, zama ake yi duk mako tsakanin likitan fiɗa da na kemo da na hoto da na gwajin tsoka, a duba kowane majiyyaci tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zamanin da ake tura hoto ta waya cikin daƙiƙa, babu dalilin da zai hana likita a ƙaramar hukuma neman ra'ayin na Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ko Jos. Kuma a yi wa majiyyaci bayani da harshen da yake mafarki da shi, kada a bar wannan nauyi a wuyan ɗan rakiya.

Ga hukuma, tiyatar hanta aiki ne da hannu ke gwanancewa da yawan yi, don haka ya fi kyau a zaɓi cibiya ɗaya ko biyu a Arewa a wadata su da ƙwararru da kayan aiki da ma'ajiyar jini, a riƙa tura majiyyata can, maimakon kowane asibiti ya riƙa taɓa aiki ɗaya a shekara. Asusun tallafa wa masu sankara da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ya kamata Cibiyar Bincike da Maganin Sankara ta Ƙasa da Hukumar Inshorar Lafiya su tabbatar mai sankarar hanji ma yana da inda zai dafa, tun daga gwajin leƙa hanji har zuwa aikin hanta.

Ga 'yan'uwana malaman harshe, wannan aikinmu ne. A 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya zauna ya daidaita kalmomin da suka shafi ƙanjamau da Ebola a Hausa da Yarabanci da Ibo. Me zai hana cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero, wadda ta ba mu Ƙamusun Hausa a 2006, ta zauna da likitocin sankara a fitar da ɗan littafin kalmomi domin asibitoci da gidajen rediyo? Ni dai tawa gudummawar ita ce a riƙa cewa sankara 'yar gida da sankara baƙuwa, a ce ta yi ƙaura ko ta yi reshe, a ajiye "ta bazu" sai inda ta bazu da gaske.

Ga kai kuma mai karatu, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Jini a bayan gida ba shi da suna sai likita ya duba, musamman ga wanda ya haura shekara 40, ko wanda aka taɓa yin cutar a danginsa, ko wanda yake ramewa. A Amurka tun 2021 an mai da shekarun fara gwajin hanji 45 ga kowa, ko da babu wata alama. Wanda aka riga aka yi wa aikin hanji kada ya ɗauka an gama, ya riƙa komawa gwajin jini da hoto a kan lokaci har shekara biyar, domin mafi yawan ƙarin hanta a shekaru ukun farko yake bayyana, kuma ƙarami ya fi yankuwa. Idan kuwa aka ce da kai ko wani naka ciwon ya isa hanta, kada ka tashi daga kujerar nan sai ka yi tambaya uku: ƙari nawa ne kuma a wane ɓangare suke, akwai wani a wajen hanta, kuma likitan tiyatar hanta ya ga wannan hoton? Matambayi ba ya ɓata.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan babu mai ja. Amma neman magani umarni ne, kuma ba a neman abin da aka ce maka babu shi. Hotunan Kawu suna nan a durowar ofishina, kuma duk shekara idan na zo darasin fassara nakan fito da su in nuna wa ɗalibai, in ba su labarin kalmar da na zaɓa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma Ya sa mu iya bakinmu.